Na'urar Mu'tasim Ta Sha Turaren Aurena

Salamu alaikum mutanen wannan shafi. Kafin a fara yi min wa'azi a ƙasan rubutu, na san na yi laifi, ba kuma guda ɗaya ba. Ku dai bari in zayyano muku abin daga tushe, in ya so kowa ya zage ni daidai nauyin laifina.

Sunana Surayya, 'yar Alhaji Ɗanburam mai yadi a kasuwar Jimeta. Asalinmu mutanen Barno ne, amma a Mubi aka haife ni. Ina da shekara goma muka gudo Yola, lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin. A ranar, mata na ta rarumar sarƙoƙi da takardun makarantar yara, ita kuwa Mamana, Ya Bintu, abin da ta rungumo ƙatuwar kwalbar turaren wuta ce. Kakata ta wajen uba ce ta haɗa shi da hannunta kafin ta rasu, ta ce ba za a buɗe ba sai ranar auren Surayya. Shekara goma sha ɗaya kwalbar nan tana ƙasan akwatin Mama a naɗe cikin tsohuwar lafaya, ko murfin ba a yarda mu taɓa ba. Ku riƙe zancen kwalbar nan a ranku.

Sai Mu'tasim. Dogo ne siriri mai gilashi, ya karanci kwamfuta a jami'a, ya gama, amma har yau yana ɗakinsa na ɗalibta a Sangere, shi da katifa da tulin wayoyi kamar taliyar da aka zubar. Shekara biyu yana zuwa zance. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba, irin son da in ya yi shiru ma daɗinsa nake ji. Matsalar Baba ce.

"Yaron kirki ne," in ji Baba, "amma duk sanda na tambaye shi sana'arsa sai ya ce a intanet take. Ni ban taɓa ganin wanda ya ciyar da mace a cikin intanet ba. Ya kawo aikin da ido zai gani, sannan ya turo manyansa."

Ita kuma Mama kullum da safe sai ta lissafo min ƙawayena da suka yi aure, har da waɗanda aurensu ya riga ya mutu.

Wata Talata bayan la'asar Mu'tasim ya zo. Na ci kwalliya da atamfa ruwan zuma, na yafa lafaya mai ɗigon baƙi, na shafa humra har a bayan kunne. Na tarar da shi a zaure sanye da kaftani ruwan toka da bai ga guga ba, ya rungume wani kwali a ƙirji. Raina ya ba ni takalmi ne, har na fara tunanin jakar da za ta shiga da shi.

Ya buɗe. Wani baƙin akwatin ƙarfe ne, bai fi girman burodin ɗari biyar ba.

"Nod ce," ya ce, yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Wace ce?"

"Ba mutum ba ce. 'Yar kwamfuta ce. Kin san bulokcen?"

Na ce na sani. Ban sani ba, shi ma ya san ban sani ba, don haka ya gyara zama.

"Ki ɗauka wani dogon littafi ne da dubban kwamfutoci a duniya kowace take riƙe da kwafinsa, don kada wani ya zauna shi kaɗai ya canja rubutu. Kowace a cikinsu ita ce nod. Sabuwa in ta shigo, dole ta sauko da littafin tun daga shafin farko, tana duba kowane shafi, har ta kamo sauran."

"To ni meye nawa a ciki?"

Nan ya faɗi gaskiyar abin da ya kawo shi. Wata ƙungiya a ƙasar waje tana ɗaukar masu riƙe mata nod a Afirka, da takardar aiki da albashin wata. Sharaɗin kawai, na'urarka ta gama sauko da littafin kafin sha biyun ranar Juma'a ta sama. Saukowar tana cin kusan kwana goma, kuma ba a so wuta ta ɗauke ko sau ɗaya. Wutar Sangere kuwa sai ta ga dama take leƙowa. Mu kuma a gidanmu akwai solar da Mama ta saka saboda firiza biyu da take sayar da ƙanƙara da kunun aya.

"In ta kammala, Surayya, ga aikin da ido zai gani. Ranar Juma'a da kaina zan nuna wa Baba."

Wannan maganar ce ta kashe min jiki. Na karɓi kwalin hannu bibbiyu.

Tunda ba shi da damar shiga ɗakina, ni na zama injiniya. Yana zaure a kan benci, ina ɗaki, muna waya kamar yana Legas. Na jona na'urar a soket ɗin inbata, wato abin da ke raba wutar sola, na jona 'yar rauta mai layin data, na haɗa tsohon sikirin da ya zo da shi. Sai ya shiga karanto min umarnin harafi bayan harafi ina dannawa. Sau huɗu ina kuskure, sau huɗu yana cewa "ba komai, sake," da muryar mutumin da ke cizon hularsa. A na biyar baƙin sikirin ya cika da fararen rubutu suna gudu sama, can ƙasa aka rubuta kashi sifili da ɗigo ɗaya. Ina ɗaki na ji tafinsa daga zaure.

Kafin ya tafi ya kafa min doka uku. Kada a kashe ta. Kada a rufe ta da komai. Kada a bari ta yi zafi. Wannan fa a watan Maris ne, a Yola, lokacin da ƙofar ƙarfe ma sai da tsumma ake kama ta. Haka na ɗauke fankata ta tsaye na juya mata, ni na koma fifita da murfin kwali.

Mama ta leƙo ta tambaya. Na ce mata na'urar aikin Mu'tasim ce, in ta cika ɗari zai samu aiki, Baba ya ce ya turo. Ta dube ta da girmamawa kamar ta gaishe ta. Dokokin nan uku kuwa ban faɗa mata ba, don a ganina me zai haɗa Mama da kwamfuta. Laifi na ɗaya ke nan.

Yanzu ku ga saƙonninsa, yadda suke a wayata na kwafo muku.

Laraba: "Barka da asuba gimbiyata, hasken idona. Kashi nawa?"

Juma'a: "Barka da asuba. Kashi nawa?"

Lahadi: "Kashi nawa?"

Ranar Litinin alamar tambaya kawai ya turo, ita kaɗai tsirararta. Na ce masa kaina na ciwo saboda zafi. Ya amsa da, "Ayya sannu. Fankar dai tana kanta ko? Ki taɓa bayanta ki ji min."

Ni da kaina ke ciwo ake ce min in taɓa bayan akwati. Na taɓa kuwa, don wallahi ni ma na fara sabawa da ita. Na gane in rubutun ya tsaya to rautar ce ta yi gardama, sai in zare in mayar. Na gane in 'yar fankar cikinta ta ɗaga murya to rana ta take, sai in sauke labule. Amma a ƙasan raina wani abu yana cina. Na kai ƙara wajen ƙawata Peculiar, mai shagon kitso a bakin titinmu, wadda ba ta taɓa ganin soyayyar da ba ta gano cuta a cikinta ba.

Ta karanta saƙonnin tana taunar cingam, ta miƙo min wayar.

"Babe, dis one no be love o. Ba ke yake so ba, solar Mamanki yake so. In da ni yana da sola, da ni zai zo wa zance."

"Ke dai Peculiar ba ki da alheri."

"To gwada shi mana. Kashe waya kwana ɗaya. In ya nemi ke, na yarda. In ya nemi akwati, ki auri inbata ku huta."

Na yi dariya a gabanta, amma na tafi gida da maganar. Ni yake so ko solar Mama? Tambayar nan ta bi ni har kan sallaya.

Ranar Alhamis da safe na'ura tana kashi casa'in da shida. Saura huɗu, ga yini guda da rabi a gaba. Saƙonsa ya shigo, alamar tambayar nan dai. Na dube ta, na dubi fankata da ke bautar baƙin akwati, zuciya ta ɗebe ni. Na kashe waya, na zura hijabi, na tafi shagon Peculiar a yi min kitso, na bar ɗakina a buɗe. Laifi na biyu ke nan, kuma shi ne babba.

Sai wajen ƙarfe biyu na dawo. Tun daga bakin layi wani ƙamshi ya tare ni, mai nauyi, mai sanyi, wanda ban taɓa jin irinsa ba duk da a gidan turare na tashi. Na ɗaga kai na ga hayaƙi yana fita ta tagar ɗakina. Ban san sanda na cire takalmi na riƙe a hannu ba.

Duk wanda ya san matan Barno ya san ba abin da ke shiga gidansu ya fita bai sha turare ba. Labule, darduma, hular Baba, har jakar makarantata duk sun sha. Ana ɗora kaya a kan kabbasa, wato kwandon nan mai ƙafafu, a sa kaskon garwashi a ƙasa, a lulluɓe da zane don hayaƙin ya ratsa. Abin da na tarar a tsakiyar ɗakina ke nan. Mama ta ɗora nod a kan kabbasa da wayoyinta da komai, ta lulluɓe ta da lafaya biyu, ta kashe fanka don kada iska ta watsa hayaƙin. Sikirin ya yi baƙi ƙirin.

A gefen ƙafarta kuma ga kwalbar kakata a buɗe.

"Kin dawo?" ta ce, fuskarta fal annuri. "Na shigo shara na ji abin nan yana warin roba. Gobe Alhaji zai gan shi, ya za a yi in bari ya ga abin arzikinki yana wari? Sau uku na sake garwashi."

"Mama, wannan turaren..."

"Na sani. Kakarki ta ce ranar aurenki. To ni na duba na ga akwatin nan shi ne ƙofar auren. Kaɗan na ɗiba, kada ki damu."

Na buɗe baki zan yi ihu, sai idona ya sauka a kan hannunta da ke riƙe da murfin kwalbar, hannun da ya rungumo ta daga Mubi a bayan motar itace. Ihun ya koma ciki. Na yaye lafayar, na taɓa na'urar, sai da na yarfe hannu. Da an fasa ƙwai a kanta da ya soyu.

Ina cikin yi mata fifita aka shiga buga ƙofar gida kamar za a ɓalle ta. Mu'tasim ne, jiƙe sharkaf da gumi, ba hula, takalminsa ƙafa ɗaya silifa ƙafa ɗaya sandal. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dafa bango ya sauke numfashi. Na zayyane masa abin da ya faru.

A kan tire na fito masa da na'urar falo, kamar baƙo za a ba ruwa. Da ta huce ya jona, rubutu ya fito, wannan karon da ja a ciki. Ya daɗe yana karantawa. Ni da na yi kwana tara ina jinyarta na gane tun kafin ya faɗa. Zafi ya kashe ta tana tsakiyar rubuta shafi, abin da ta tara ya lalace, sai an koma shafin farko. Wani kwana goman ke nan, ga Juma'a gobe.

Mama ta shigo da kunun aya mai ƙanƙara, ta tsaya a kansa.

"Ɗana, ka ji ƙamshin? Ta yi kyau ko?"

Na zuba wa Mu'tasim ido. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga, ya mayar, sannan ya sunkuya ya shinshina na'urar da gaske, kamar mai sayen turare a kasuwa.

"Mama, nod dubu nawa ne a duniya, amma na tabbata ba wadda aka taɓa yi wa gata irin wannan. Allah ya saka da alheri. Na gode."

Mama ta fita tana washe baki. Shi kuma ya goge abin da ya lalace, ya sake kunna ta daga sifili, ya miƙo min tiren, ya koma zaure. Na mayar da ita ɗaki, na juya mata fanka, na bi shi. Na same shi a kan benci ya haɗa kai da gwiwa.

"Ka yi faɗa mana," na ce. "Ni na fita na bar ta. Da gangan na kashe waya. Aikin ya wuce ka ko?"

"Ya wuce. Sai bayan wata uku za su sake ɗauka."

"To ka zage ni."

"Kunna wayarki tukuna."

Na kunna. Saƙo goma sha tara. Na farkon alamar tambaya ce. Na biyu, "Nod ta ɓace daga layi, duba rauta." Na uku ma zancen rauta ne. Daga nan suka canja. "Surayya wayarki a kashe." "Lafiya?" "Ko inbata ce ta kama da wuta?" "In gobara ce kada ki tsaya ɗaukar nod, ki fita kawai." "Ki bar ta ta ƙone, ki ja Mama ku fita." "Na hau keke." Na ƙarshen, daga bakin layinmu ya turo shi da ya hango hayaƙi, sunana ne kawai sau uku.

Na zauna a ƙasan zaure da sabon kitsona na fashe da kuka mai majina, irin wanda ba a yi a gaban saurayi. Kunya da daɗi suka haɗe min. Da na samu bakin magana na ce, "Peculiar ce ta ce solar Mama kake so."

Ya ɗago jajayen idanunsa. "Ina son solar Mama mana. Sola ce mai kyau. Amma ba don ita na baro hulata a Sangere ba." Sannan ya ce, "Kin ma ci abinci?"

Kwana tara rabon da ya yi min wannan tambayar. Abin da ba mu sani ba, Mama tana bayan ƙofa da kofin da ta zo ɗauka, ta ji komai. Na ji takunta ya koma ciki a hankali, ba irin tafiyarta ba.

Ana cikin haka Baba ya dawo daga sallar la'asar, tare da maƙwabcinmu Malam Hamajoɗa, wanda ya riƙe hannunsa gam yana girgizawa. Ashe 'yar fankar cikin na'urar ta sha turare ta ƙoshi, tana juyawa tana feso shi, tawa fankar kuma tana kora shi ta taga zuwa layi.

"Barka Alhaji, barka," in ji Malam Hamajoɗa. "Matata ya ce wannan ba turaren kullum ba ne, na amarya ne. Ashe an sa rana ba ka gaya mana ba? Allah ya sa albarka."

Baba ya yi yaƙe ya sallame shi, ya juyo kanmu.

"Mutum bakwai ke nan suka yi min murna daga masallaci zuwa nan, har da liman. Wa ya sa ranar auren 'yata ban sani ba?"

Mu'tasim ya zame daga benci ya durƙusa. Kafin ya yi magana Mama ta fito, ta ja lafaya ta rufe rabin fuska, muryarta ƙasa ƙasa.

"Alhaji, ni ce. Na turara na'urar yaron nan da turaren Surayya, ashe zafi kashe ta yake. Na ɓata masa aikin kwana tara, aikin da yake nema ya wuce shi. Ya san haka, ya dube ni ya ce min na gode."

Baba ya daɗe yana kallon Mu'tasim, har da takalman nan da ba su san juna ba. Sannan ya ce a nuna masa abin. Muka shiga, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina hannu a baya, yana kallon baƙin akwati da fararen rubutu na gudu. Ya ja numfashi mai tsawo, na ga idonsa ya kawo ruwa, don turaren mahaifiyarsa ne.

"Wannan ce sana'ar?"

"Ita ce, Baba," in ji Mu'tasim daga tsakar gida.

"Na ce aikin da ido zai gani. Wannan har hancin unguwa ya ji." Ya gyara hula. "Ni ba zan koma masallaci in ce wa liman ƙarya ya shaƙa ba. Ranar da abin nan ya cika ɗari, ka ce wa kawunnanka su zo. Aikin kuma ka sake nema bayan wata ukun, ina kallonka. Amma in ya sake mutuwa a hanya, sai mu sake zama."

Yau kwana biyu ke nan. Kwalba ta koma ƙasan akwati, ni na naɗe ta da hannuna. Peculiar ta ce har yanzu ba ta yarda ba sai ta ga lefe. Saƙon Mu'tasim na safe ya dawo da gimbiya da hasken ido, ba tambayar komai a ƙarshe, duk da na san tana cinsa. Mama kuwa tun ranar take kewaye na'urar da ido, ta rasa yadda za ta ba ta haƙuri.

Ɗazu da safe, ina shirin rubuto muku wannan, aka ƙwanƙwasa ƙofata. Baba ne, ya shirya zai tafi kasuwa, mutumin da bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakina ba sai in laifi na yi. Ya waiga dama, ya waiga hagu.

"Surayya, kashi nawa?"

"Goma sha tara, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya matso, ya rage murya.

"Ki riƙa kulle ɗakin nan ki tafi da makulli. Uwarki ta aika an sayo mata zaren saƙa, wai riga za ta yi wa abin."